Tagwaye Masu Uba Biyu

Goggona, ƙanwar babanmu, ta ƙare aikinta tana koyar da lissafi a makarantar 'yan mata. Ɗalibanta ne suka laƙa mata Jan Biro, sunan kuma ya biyo ta har gida. Ko katin biki aka miƙa mata, sai ta fara neman kuskure kafin ta ce Allah ya sanya alheri. Mace ce mai wuyar sha'ani, amma ban taɓa ganin wanda ya kai ta riƙon uwa ba. Da ta yi ritaya ɗakin Kaka ta koma, ita ke yi mata wanka, ita ke yanke mata farce.

Mai Taya ne ya jawo rigimar, ɗan ƙanen Kaka, mai shagon tayoyi a bakin tasha. Ya ƙudura sai ya zana bishiyar zuriya an buga ta a babban allo. A intanet ya samo jerin da ofishin ajiye tarihi ya kwafo daga tsohuwar rajistar haihuwa. Ga sunan Kaka, ga ranarta daidai. Amma a gurbin uba, maimakon direban jirgin ƙasan da kowa ya sani, sai ga wani mahauci.

Bai iya riƙe bakinsa ba. Magana ta zaga dangi, har wasu suka fara cewa ai dama Kaka ba ta yi kama da 'yan'uwanta ba. Daga ƙarshe maganar ta iso kunnen Kaka. Ta sa aka sauke mata hoton mahaifinta daga bango, ta kife shi cikin akwati, abinci ma sai an yi da gaske take taɓawa. Na ji haushin Mai Taya ƙwarai.

"Yaya, ba ni na rubuta ba fa," in ji shi, da Goggo ta tsare shi. "Kwamfuta ce ta faɗa."

"Kwamfutar tana ɗakin haihuwar?" Goggo ta ce, sannan ta juyo gare ni. "Kai, ɗauko mota."

Ni ne direban. Ofishin a bene yake, da dogayen tebura da fanka mai kuka. Ma'aikaciyar da muka tarar ta ce fito da ainihin littafin sai an nemi izini, don takardunsa sun fara ruɓewa. Goggo ta ce ba komai, a buga mata dukan sunayen da jerin ya ce suna shafi ɗaya da na Kaka. Ta zauna ta ɗora yatsa tana bi layi-layi. Can sai ta tuntsire da dariya har masu karatu suka ɗago kai.

"'Yata, zo ki ga ikon Allah. Tagwaye, uwa ɗaya, rana ɗaya, kowanne da ubansa!"

Ma'aikaciyar ta leƙa, ta dafe baki. Goggo ta kai yatsa kan jaririn da ke ƙasan Kaka, sai ga direban jirginmu an ba shi kyauta.

"Na sha ganin wannan a jarrabawa," in ji ta. "Yarinya na kwafar amsar ta kusa da ita, idonta ya zame layi ɗaya, daga nan har ƙasa komai ya goce. Wanda ya kwafi shafin nan gajiya ce ta kama shi. Kowane yaro ya ba shi uban na samansa."

Ma'aikaciyar da kanta ta hau wurin shugabanta, ta dawo da littafin a kan tire, hannunta cikin safa. A hankali ta buɗe. Tawadar ta koɗe, amma ana karantawa: sunan Kaka, a gabansa direban jirgin ƙasa, da sa hannunsa a karkace. Goggo da ba ta kuka, na ga ta cire tabarau tana goge shi da gefen mayafi. Ma'aikaciyar ta yi godiya, ta ce za a sake duba littafin gaba ɗaya, don ba gidanmu kaɗai aka sauya wa uba ba.

Daga nan shagon Mai Taya muka nufa. Goggo ta sa shi ya rufe shago da rana tsaka, ta tasa shi gaba har ɗakin Kaka. Ya durƙusa ya karanta hoton shafin da na ɗauko a waya, da ƙarfi. Wallahi daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Kaka ta saurara har ya gama, ta nuna akwati da haɓa.

"Ni dama na san ubana," ta ce. "Tsorona in mutu ku ba ku san shi ba. Tashi ka mayar mini da shi bango, kuma kada ka karkata shi."