Kazar da aka mayar mini

Ki rubuta yadda na faɗa, 'yar nan, kada ki gyara mini.

Bayan na fita takabar mahaifinki kika ɗauko ni zuwa Manchester. Kina asibiti wurin aiki, ni ina gida ina kuka. Sai Allah ya haɗa ni da maƙwabciya, tsohuwa Bayahudiya, ƙofarta tana kallon tamu. Duk Talata motar ƙaramar hukuma takan kwashe mu zuwa gidan da tsofaffi ke wuni. Ba na jin Turancinta, ba ta jin Hausata, amma kullum muna gefen juna. Wata rana ta ɗaga gashin kanta kaɗan, ashe na kanti ne, ta nuna ɗankwalina. Su ma matan aurensu rufe kai suke yi. Muka yi ta dariya. Da gwamnati ta tsuke bakin aljihu aka rufe gidan, mota ta daina zuwa. Duk garin nan ita kaɗai ta rage mini.

Sai mijinta ya rasu. Na san wannan ciwon. Na soya kaza da ragowar man shanun da na zo da shi daga Kano, wanda mahaifinki yake so, na tsallaka gaisuwa. Daga bakin ƙofa na hango ta zaune kan 'yar kujera dab da ƙasa, an yage wuyan rigarta, an lulluɓe madubi da zane. 'Yarta ta buɗe kwanon, ta yi mini tambaya, na gane tana son sanin da me na soya. Na ce mata, "Bota, ta Kano," wato man shanu da Turancinsu, har da fara'ata. Ta rufe kwanon a hankali ta miƙo mini abina, mutane suna kallo.

A garinmu ba a mayar da abincin gaisuwa. Na ce shi ke nan, na rasa ta ita ma.

Da kika dawo na ba ki labari, kika ce, "Inna, ba sa haɗa nama da abin da ya fito daga nono. Kuma sai yankansu, sai tukunyarsu."

Na ce, "Wato ni ƙazama ce?"

Kika ce, "Inna, ke kina cin naman kantin Bature?"

Duk da haka kunya ba ta sake ni ba. Ko labule ban ƙara ɗagawa ba.

Da safiyar kwana na bakwai na makokin aka buga ƙofa. Maƙwabciyata ce, da sandarta. Ke kika yi mana tafinta. Ta ce a al'adarsu in an tashi daga zaman makoki sai a zaga unguwa sau ɗaya, kuma 'ya'yanta gudu suke yi, ita tana son mai ƙafa irin tata. Ta tambayi kwana nawa na zauna wa nawa mijin.

Na ce, "Wata huɗu da kwana goma."

Ta dafe ƙirji. Kika ce, "Wai ita kwana bakwai kawai ta yi, gwiwarta ta ƙi miƙewa."

Na yafa mayafi muka fita, ta riƙe hannuna. Tana kukan nata mijin, ina kukan nawa, har muka kai kwanar layi. A nan na laluba aljihu na ciro dabino, ina tsoron miƙawa. Ta karɓa, ta tsaga shi ta duba ciki, ta ci rabi ta ba ni rabi.