Makullin majami'a ya bar aljihun Baba Ishaya

Ina zaune kan tabarmar Baba Ishaya a unguwar Dagmanet ta Agadez, shayi ya huce a hannuna, na rasa ta inda zan fara.

Baba dattijon majami'armu ne. Makulli na wurinsa, shi ke fassara wa'azi daga Faransanci zuwa Hausa, shi ke zuwa gaida marasa lafiya. Lahadin da ta wuce mota ta lalace masa a hanyar Tchirozérine, makulli na aljihunsa, muka yi sujada a bakin ƙofa cikin rana. Sai komite ya yanke shawarar a raba aikin. Da aka zo wa zai gaya masa, kowa ya zame, aka bar ni.

Na ce, "Baba, ba raini ba ne, so muke kowa ya kama wani abu."

Ya sa hannu a aljihu, ya ciro makullin ya miƙo min.

"Ɗiyata, rabona da ganin jikokina a Maraɗi tun kafin ki yi aure. Na ɗauka ba mai son karɓa ne."

Na koma gida sakayau. Ashe mutumin da muke tsoron ɓata wa rai ya daɗe da gajiya.

Ku ma kuna da irin Baba a wurinku? Kun taɓa tambayarsa ko ya gaji?