Gurmin Yayana

Shekarar da ruwa ya ɗauke, gero yana tsakiyar fitar da kai, yayana ya tafi cin rani kudu, ya bar mini matarsa da 'ya'ya uku. Ya ce kafin wata biyu za mu ga saƙo. Aka shiga wata na biyar ba labarinsa. Rumbunmu sai an shiga an share da tsintsiya ake samun na kunu, awaki kuwa tuni sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya rage mai ɗan daraja a ɗakinsa gurmi ne. Da hannunsa ya haɗa shi. Ya fafe ƙaramin duma, ya rufe da fatar guza, ya sassaƙa mariƙin, ya ɗaura tsirkiya biyu. Shi ba maroƙi ba ne, manomi ne kamar kowa, amma in an tashi daga gayya shi ake nema.

Matarsa ce ta miƙo mini shi a nannaɗe cikin tsohon zane. "Kai shi kasuwa," ta ce. "In ya dawo ni zan yi masa bayani." Ba ta yarda mun haɗa ido ba.

Ranar kasuwar Ɗanbatta na tura shi cikin buhu na kama hanya a ƙasa. Duk wanda muka gaisa da shi sai in ga kamar buhun yake kallo. Da na isa ma ban san inda ake kasa irin wannan kaya ba. Na zaga har sau biyu, sannan na raɓe kusa da masu sayar da ƙore, na buɗe bakin buhun kaɗan.

Rana ta take kafin wani mutum ya tsaya. Makaɗi ne, daga yadda ya riƙe gurmin na gane. Ya jujjuya shi, ya miƙo mini.

"Ɗan taɓa mana mu ji, Malam."

Na ce ban iya ba.

"Ba ka iya ba? To na wa ne?"

"Na yayana ne."

"Ina yayan naka?"

Na ce yana kudu. Ya tambaye ni wane gari, na ce ban sani ba. Gaskiya na faɗa, amma ni kaina na ji yadda maganar ta fita. Lokacin sata ta yi yawa saboda yunwa, mutane kuma ba sa jiran bayani. Kafin in ankara an kewaye mu. Wani ya ce a kai ni wurin sarkin kasuwa, wani ya cafke hannun rigata. Abin da ke zuciyata kawai shi ne yaran can da ke zaune suna duban hanya.

Sai wani tsoho ya kutso da igiyoyin sayarwa a kafaɗa. Bamaguje ne na ƙauyen da ke gabas da mu, gonarsa tana iyaka da tamu. Ya karɓi gurmin ya duba.

"Ku sake shi," ya ce. "Ni na kama guzan nan, ni na ba yayansa fatar. A gabana aka haifi yaron nan."

"Na gode, Baba," na ce.

Mutane suka watse kamar ba su ba. Makaɗin ya ji kunya, bai tsaya dogon ciniki ba. Ya gyara tsirkiyar, ya ɗan kaɗa, ya biya ya wuce. Na auno dawa na ɗora a ka. Na kama hanyar gida.

Yayana ya dawo da ruwan farko, a rame, ashe jinya ya sha a can. Kwana uku bai yi zancen ba, matarsa ma ta kasa. Kullum ina jiran ya tambaya, ko abinci ba na iya ci sosai. A rana ta huɗu muna shuka, yana sara ina jefa iri, na faɗa masa komai, har da riƙe mini riga da aka yi.

Ya dogara da sungumi, ya dube ni.

"Wanda ya saya, ya iya?"

Na ce ya iya.

Ya gyaɗa kai. "To. Koma baya, ka tsallake rami biyu ba iri."