Tarin Kawu Ilu

Duk wanda ya san Kawu Ilu ya san tarin nan nasa. Ba na ciwo ba ne. In ina tsakiyar waƙa na ji shi a bayana, na san ya kame baki yana kallon sama, wannan baitin ba zai amsa ba.

Mu makaɗan noma ne. Ni ke ba da waƙa, da masu ganga biyu, da 'yan amshi uku, shi ne babbansu. Wajen mahaifina Audu na gaje shi tare da gangunan, kuma gangunan sun fi shi jin magana. Aikin ɗan amshi bai wuce ya maimaita abin da mawaƙi ya faɗa ba. Shi kuwa sai ya auna ya ga ko gaskiya ne tukuna.

A wata gayya a Kahu ina wasa mai gona, na ce ba ya ajiye garma sai rana ta faɗi. Tari. Na juya na harare shi, ya ce da ƙarfi, "Wannan? Tun hantsi yake kwance gindin ɗorawa." Manoma suka zubar da garemani suna dariya. Mutumin bai ƙara kiranmu ba, haka ƙannensa huɗu.

A Fassi na ce wani ya cika rumbu goma. Ya amsa, amma da bakwai. Na ce goma, ya ce bakwai, a kan kiɗa daidai. A hanyar gida na ce, "Haba Kawu, waƙa ce fa." Ya ce, "Rumbun ai ba waƙa ba ne. Na ƙirga."

Daminar da aka sami mulkin kai gayya uku kacal muka yi, ga gida shida da wannan kiɗan suke ci. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Na ƙudura sallamarsa. A wajenmu ba a ce wa dattijo ya tafi, sai dai in goron gayya ya zo a raba a tsallake shi, ya gane da kansa. Na tsallake shi. Ranar gayya sai ga shi ya riga kowa, yana tauna goro. Ya ce, "Na ga ka manta da ni, sai na saya a kasuwar Kibiya."

Dole na buɗe baki na faɗa masa na sallame shi. Ya ce, "To." Ya ari garma ya shiga cikin manoma. Ina fara waƙa sai ga tari daga tsakiyar gero. Mutumin da na kora!

Haushi ya sa na bar mai gona na koma wasa kaina, na ce ɗan Audu ya gaji Audu. Tari. Na ce to, ɗan Audu bai kai Audu ba. Ya miƙe ya amsa da iya ƙarfinsa, har sau uku.

Shekara biyu ba na yi masa magana sai gaisuwa. Da ya kwanta ciwon ajali na je duba shi. Ya kama hannuna ya ce, "Ba ka kai Audu haƙuri ba. Amma ka fi shi murya, nesa ba kusa ba." Na tsaya jiran tari, bai zo ba.

Na sha yabo a rayuwata, wannan kaɗai na yarda da shi. Allah ya jiƙan Kawu Ilu, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mini shekara biyun nan.