Malam Sahabi da Taronsa na Shekara

Duk wanda ya zauna da Malam Sahabi ya san hularsa ba ta ado ba ce, ma'ajiya ce. A cikinta yake ajiye faifan kwamfuta, irin ƙananan nan masu kusurwa huɗu da aka daina yayi. In ka tambaye shi wani aiki, sai ya ɗaga hular, ya lalubo faifan, ya hure shi, ya miƙo maka da ɗuminsa. Mun sha gaya masa zafi na lalata su, ga ranar Birnin Kebbi ba ta san wasa ba. Sai ya ce, "Kaina ya hi ofishinku sanyi." Ranar da ya yi sujada a masallacin unguwa faifai suka zubo a gaban sahu, ko a jikinsa. Da aka sallame ya tattara kayansa, ya dubi na kusa da shi ya ce, "Ba ka taka ba dai ko?"

Ni a lokacin malamin lissafi ne a wata sakandare a Argungu, kuma tare muka yi makaranta da shi. Da aka yanko jihar Kebbi daga Sakkwato, ma'aikata suka riƙa dawowa gida da katifu da tukwane. Shi da tsohuwar kwamfuta ya dawo. Ya kama shago a unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi, ya sa aka rubuta masa allo cewa nan kamfanin rubuta manhaja ne. Mutane suka ɗauka manhajar makaranta ake nufi, har wani hedimasta ya zo neman ta aji uku. Abin da ke ciyar da kamfanin dai shi ne buga katin biki da takardar neman aiki.

Wata rana ya zo mini da tsohuwar mujallar Turanci da ya saya a tasha. A ciki akwai hotunan wani katafaren kamfanin kwamfuta na Amurka da ke tara masu rubuta manhaja duk shekara. Zaure cike da mutane, kowa da kati a wuya, shugaban kamfani a kan dandamali yana nuna musu sabon abin da aka ƙera.

"Malam Ali," ya ce, "su kamfani na, mu ma kamfani muke. Mi ya hana mu yin namu?"

"Mutane," na ce.

"Su ma da benci guda sunka fara."

Ban san inda ya samo wannan ba, don na karanta mujallar kaf, babu maganar benci.

A rumfar ƙofar shagon aka yi taron farko. Akwai ni, akwai Malam Bello mai buga tafireta a sakatariya, da 'yan ɗalibai, sai telan da ke maƙwabtaka da shi, wanda ya zauna saboda bencin nasa ne. Sahabi ya sha babbar riga, ya yi jawabi, ya kai yatsa zai kunna inji, wuta ta ɗauke. Ba janareta. Muka fara neman takalmanmu.

"Ina za ku? Manhajar na nan a takarda. Ku za ku zama injin!"

Nan take ya raba mana aiki. Ni ne ƙwaƙwalwa, in yi lissafi. Malam Bello ne firinta. Tela ya riƙe allo da alli, shi ne fuskar kwamfuta. Sahabi yana karanto umarni layi-layi, mu muna aikatawa. Manhajar ta haɗa makin ɗalibai ce. Muka bi ta tiryan-tiryan har ƙasa, sai layin ƙarshe ya ce a koma na farko. Muka koma. Muka sake isowa ƙasa, ya sake cewa a koma. Haka muka yi ta kewaya har aka kira azahar.

"Malam," in ji tela, "wanga abu ba shi ƙarewa?"

Sahabi ya ƙura wa takardar ido, ya gano shi ne ya manta bai rubuta inda za a tsaya ba. Da wani ne, da ya ji kunya. Shi kuwa murna ta kama shi.

"Kun gani ko! Inji bai ƙarya. Abin da ka hwaɗa mai, shi yaka yi."

"To hwaɗa mai ina son bencina," in ji tela.

Bayan shekara biyu ko uku ya yanke shawarar kai taron Argungu, a daidai lokacin bikin kamun kifi. Hujjarsa ita ce jama'a sun riga sun taru, saura a karkato su. Ni ya ɗora wa neman aji a makarantarmu. A tashar Birnin Kebbi direba ya ce a sa kwamfutar a but tare da buhunan albasa. Sahabi ya ce sam. Ya kama mata kujerar gaba ita kaɗai, ya lulluɓe ta da rigarsa, shi ya matsu a baya tsakanin mutane. Duk ramin da aka faɗa sai ya yi salati, ba don kansa ba. Da suka wuce Ambursa direban ya gaji, ya dubi kujerar gefensa ya ce, "Alhaji, wanga fasinja naka ko gaisuwa bai iya ba?"

An isa lafiya, wuta ma ta tsaya ranar. Mutane ne babu. Duk Argungu tana bakin gulbi, har Malam Bello da ya biyo Sahabi ya ce zai leƙa ya dawo, ba mu sake ganinsa ba sai a mota. Sahabi ya tsaya gaban kujeru ya yi jawabinsa bai rage harafi ba. Ya ba da damar tambaya, ya jira, ya yi wa kansa tambayar, ya ce tambaya ce mai kyau, ya amsa. Da muka fito na ce masa sai haƙuri.

"Haƙurin mi? Ka ga wanda ya tashi kahin in gama?"

Kai, Sahabi!

Sannu a hankali taron ya fara samun jama'a, don ɗaliban kwamfuta sun yawaita a gari, kuma ba su da wani wurin da za su nuna abin da suka rubuta. A nan ƙwauronsa ya fito fili. Dole kowa ya rataya kati mai suna a wuya, kamar na mujalla. Amma tun shekarar farko ya yanka katunan, kuma bai ga dalilin yin sababbi ba. In ka zo, duk wanda hannunsa ya faɗa a kai shi ne naka. Haka wata ɗaliba 'yar Gwadangaji mai suna Hadiza ta wuni da "Malam Bello" a wuyanta.

"Baba, ai wannan ba sunana ba ne."

"Katin ya lalace?"

"A'a."

"Ke kin manta sunanki?"

"A'a, Baba."

"To zamna."

Ta zauna. Ita ce ta fi kowa a taron shekarar, kuma da ya tashi yaba mata a gaban jama'a, katin ya duba.

Taron da ya fi cika shi ne na gab da shekara ta dubu biyu. Rediyo na ta faɗin cewa kwamfutocin duniya za su rikice in shekara ta juya, saboda yadda aka tsara musu kwanan wata. Har manyan ma'aikata suka zo, suna tsoron injinan ofishinsu. Sahabi ya bari aka gama tayar da hankali, sannan ya miƙe.

"Wa ya ce muna dubu biyu? Ni injina na maishe shi kan Hijira. Dubu ɗaya da ɗari huɗu da ashirin muke ciki. Nasara su ji da matsalarsu, mu muna da saura."

Aka fashe da dariya har da tafi. Shekara ta juya, babu abin da ya sami kowa, amma har ya bar duniya yana cewa dabararsa ce ta tsare Birnin Kebbi.

Da wayar hannu ta shigo, yaran da suka taso a taron suka zama manya. Hadiza, wadda a lokacin ta buɗe nata ofishin, ta zo da sauran suka durƙusa suka roƙe shi a mayar da taron zauren otal, a gayyato mutane daga wasu jihohi, a kuma daina koyar da tsohon yaren kwamfutar da ya nace a kai. Ya ce taronsa ne, ba ya zuwa ko'ina. Suka ba shi haƙuri, suka sa ranarsu. Shi ma ya sa tasa a rana ɗaya.

Ni kaɗai na je nasa. Muka zauna a rumfa yana ta gyara hula yana duban hanya. Wannan karon bai yi jawabi ba. Da rana ta take ya ce, "Tashi mu tai mu ga ɓarnar da suka yi."

Da muka shiga zauren, Hadiza ta taso da sauri za ta kai shi kujerar manya. Ya ƙi, ya zauna a can baya kusa da ƙofa. Wani saurayi ɗan Ambursa ne a kan dandamali, yana bayanin yadda manomin shinkafa zai aika saƙon waya, inji ya amsa masa da labarin ruwan fadama. Ya cika allo da rubutun da ban taɓa ganin irinsa ba. Sahabi ya saurara har ƙarshe bai motsa ba. Sannan ya zunguro ni.

"Malam Ali, ka gane?"

"Ko kaɗan."

"Ni ma ban gane komi ba." Ya sake duban yaron. "Alhamdu lillahi."

Muna fita ya kama hannun rigata. "Kar ka hwaɗa musu."

Ban faɗa ba sai yau. Bai sake kiran nasa taron ba, amma duk shekara yana zuwa nasu, ya zauna a baya, ya kushe shayin da aka raba, ya tafi. A damina ya rasu bayan gajeriyar jinya, yaran kuwa su suka ɗauki makararsa.

Allah Ya jiƙan Malam Sahabi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa. Allah Ya albarkaci abin da ya bari, mu kuma Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.