An Yafe wa Goggo Adawiyya

Shekara ashirin da biyu Goggo Adawiyya tana toya waina a Takur, tun da aure ya kawo ta daga Garki. Mijin ya rasu, tanda ta riƙe gidan. In aka yi biki ba wainarta, to masu bikin ne ba su san ciwon kansu ba.

Ranar walimar saukar ɗan Malam Saifuddeen aka ci wainar Goggo da miyar taushenta, aka kora da kunun aya mai ƙanƙara na wata mata daban. Washegari rabin layi na tseren bayan gida. Dattawan da ba a taɓa ganin gudunsu ba, ranar an gani. Mutum goma sha ɗaya aka kwantar a asibiti.

Ma'aikatan lafiya suka zo da 'yan kwalabe, suka ɗebi ragowar miya da kunu, da kuma, a yi haƙuri, abin da ke fita daga majinyata. Shugabarsu, Malama Raihana, ta ce, "Goggo, a jira sakamako. Kada ki ce komai tukuna."

Ina! Goggo ba ta saba maƙwabci ya kwanta ba ta je dubiya ba. Ta ja mayafi, ta bi gida-gida: "Sannu da jiki. In daga hannuna ne, don Allah ku yafe mini."

Wannan "in" ɗin babu kunnen da ya ji shi.

"To ga shi da bakinta," in ji Khadijatu maƙwabciyarta. "Mara gaskiya ai ko a ruwa gumi yake."

Samari suka raɗa wa wainar suna "a-ci-a-ruga". Biki uku aka yi ba a kira ta ba.

Bayan mako shida Raihana ta dawo da takarda.

"Goggo, su ma ƙwayoyin cuta suna da dangi. A ɗakin gwaji ana karanta halittarsu, kamar yadda ake gane asalin mutum da tsagar fuskarsa. Na cikin majinyatan nan gidansu ɗaya da na cikin kunun. Ruwan ƙanƙarar muke zargi. A miyarki ba a samu ko ɗaya ba."

"Wato ba 'yan gidana ba ne?"

"Ko maƙwabtaka ba ku haɗa ba."

Goggo ta yi dariya har da hawaye, sannan ta kama hannunta. "'Yar nan, ki taimake ni, ki zaga ki faɗa musu."

Raihana ta zaga. Malam Saifuddeen ma ya faɗa bayan sallar la'asar. Mutane suka saurara, suka jinjina kai.

"Allah sarki, baiwar Allah. Ai mu tuni mun yafe mata."

Maganar ta dawo kunnen Goggo. Da zaginta suke yi, da ta san amsar da za ta ba su.

Sunan jikan Khadijatu da aka yi bayan salla, daga Kafin Hausa aka kawo waina a kula, duk ta huce. Goggo ta je barka, aka zuba mata uku.