Yadda Na Haɗe Mutum Biyu a Kwamfuta Gonaki Suka Rasa Ruwa

Gaisuwa gare ka Edita da masu karatu. Lokacin da abin da zan faɗa ya faru ina da shekara ashirin da bakwai. Na gama karatun kwamfuta, na yi bautar ƙasa, na dawo gida Kura ina ganin daga nan har Bunkure babu wanda ya kai ni sanin na'ura. Ɗan manomi ne ni, a bakin kanal, wato magudanar ruwan noman rani, na tashi, amma tun da na shiga jami'a na daina sa ƙafa a laka. Wata ƙungiyar manoman rani ce ta ɗauke ni aiki. Manhaja uku gare su, kowacce tana zaman kanta. Ɗaya ta rajistar manoma ce, ɗaya tana tsara ranar da kowace gona za ta sha ruwa, ɗayar kuma tana tura saƙo zuwa wayoyin manoma da wayar mai buɗe ƙofar ruwa. Aikina shi ne in yi musu mahaɗi, wato hanyar da bayani zai riƙa fita daga wannan ya shiga waccan da kansa.

Kafin zuwana wata dattijuwa ce ke kwafe bayanan da hannu duk mako. Kirista ce 'yar Filato, ta fi shekara ashirin a garinmu, Hausarta ta fi tawa daɗi, kowa Madam yake ce mata. Tana da wani tsohon littafi mai baƙin bango, wanda a gefen kowane suna ta rubuta laƙabi ko wata alama, wannan mai jan babur, wancan na gindin mangwaro. Ni kuwa dariya littafin yake ba ni.

Kafin a haɗa manhajoji sai an fara gaya wa kwamfuta yadda za ta gane cewa mutumin da ke cikin wannan manhaja shi ne na cikin waccan. Da na duba rajistar sai na ga sunaye suna ta maimaituwa, na ɗauka sakaci ne na masu shigarwa. Na tsara cewa duk inda suna da sunan uba da ƙauye suka zo ɗaya, to mutum ɗaya ne, a haɗe su, a bar bayanin da ya fi sabunta. Madam ta leƙo ta ga abin da nake yi, ta ce in yi hankali, a ƙauye guda ta san mutum huɗu masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya. Na ce mata na'ura ba ta ruɗewa irin ta ɗan Adam. Ta rufe littafinta ta sa a durowa. Ko gwaji ban yi a kan kwafi ba, kai tsaye na ɗora a kan bayanan gaske, domin ina so shugaban ƙungiya ya ga na gama kafin ranar da na yi alkawari.

Makon farko kowa yabona yake yi. Aikin kwana biyu ya koma na minti biyar. A mako na uku wani dattijon malami ya shigo ofis, mai makarantar Islamiyya a wani ƙauye ta wajen Bunkure, wanda ni kaina a gabansa na yi karatun allo. Gonarsa ta tumatir tana can ƙarshen ƙaramin kanal. Ya ce zagaye biyu ke nan ba a buɗe masa ruwa ba, saƙo ma ya daina zuwa masa, ga tumatir ya fara fure. Ya yi shiru da farko ne don ya zaci ruwan ne ya yi ƙaranci. Nan na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Ban buɗe kwamfuta ba, na ce masa ko dai netwok ne ko kuma mai buɗe ƙofa ne yake son rai. Maganar ta fita daga ofis ta bi gari. Kashegari wasu manoma suka tare mai buɗe ƙofar a bakin kanal, magidanci mai 'ya'ya bakwai, suna cewa ya sayar da ruwansu. Ya nuna musu jerin da ke wayarsa yana rantsuwa, ba su saurare shi ba. Shugaba ya dakatar da shi.

Da na ji haka sai na zauna na nemo sunan Malam. Yana nan, amma gonar da ke ƙarƙashinsa ta albasa ce a wani kanal dabam, lambar wayar ma ba tasa ba ce. Mahaɗin da na yi ya haɗe shi da wani mai irin sunansa, ya share gonar Malam daga jerin ruwa. Na ci gaba da bincike, na samu gonaki ashirin da uku da suka ɓace haka. Na daɗe ina kallon allon kwamfutar. Zan iya mayar da su a ɓoye, babu wanda zai gane, a bar mai buɗe ƙofa da laifin. Wallahi na yi wannan tunanin. Abin da ya hana ni shi ne ko gonakin ban san inda suke ba, domin na goge bayanansu, kuma a duniya wuri ɗaya suka rage, cikin littafin Madam.

Na je teburinta na gaya mata komai. Na zaci za ta tuna mini gargaɗinta, amma sai ta jawo durowa ta ɗauko littafin ta ce, “Ɗana, tumatir ba ya jiran mai kuka. Tashi mu je wajen shugaba.”

Bayan la'asar aka tara manoma a ƙofar ofis, na miƙe na ce laifina ne ni kaɗai, mai buɗe ƙofa jerin da na tura masa ya bi. Hayaniya ta tashi, wani ya ce a kore ni a koma takarda. Malam ne ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce an yi masa ɓarna, amma wanda ya ɓata shi ya fi kowa sanin inda ɓarnar take, a ba ni kwana goma. Sannan ya juya ya ce in fara da neman gafarar mutumin da na sa aka ci mutuncinsa. Na durƙusa gaban mai buɗe ƙofa a bainar jama'a. Ya yafe, aka mayar da shi aikinsa nan take, kuma maƙwabta suka yarda a ba gonakin nan da suka ɓace ruwa tun da safe kafin kowa.

Kwana tara muka yi muna bin kanal, ni da mai buɗe ƙofa a kan babur ɗinsa, Madam tana ofis da littafinta muna waya. A nan na ga abin da ban gani daga kan kujera ba. Gida guda waya ɗaya gare su, don haka lambar waya ma ba ta raba mutane. Mai gona dabam, wanda ya karɓi aro yake nomawa bana dabam. Mutum ɗaya yana da gona uku a kanal uku. Sai na rushe tsarin duka na sake shi. Kowace gona ta samu lambarta, muka rubuta da fenti a jikin simintin ƙofarta. Kowane manomi ya samu tasa lambar, har da gurbin laƙabi, wanda muka cike daga littafin Madam. Na ƙara wani gurbi mai nuna wa ke noma wace gona a wannan rani. Ruwa kuma gona yake bi, ko wane ne a cikinta. Na hana mahaɗin haɗe kowa ko share komai. In ya ga sunaye sun yi kama sai ya ajiye su gefe har Madam ta duba. Sau uku na gwada a kan kwafi, muna gwama jerinsa da na hannu layi bayan layi, kafin na sake shi.

Ranar da aka kunna, mai buɗe ƙofa ya bi kanal tun daga baki har ƙarshe, ya bugo waya ya ce babu gonar da ta ɓace. Tumatirin Malam na gefen tudu ya riga ya ƙone, amma sauran ya farfaɗo ya yi 'ya'ya sosai, sau shida ana tsinka. Rani uku ke nan tsarin yana aiki ba a ƙara tsallake gona ko ɗaya ba. Wata ƙungiya daga Garun Mallam ta zo ta gani ta ce a yi mata irinsa, daga baya wata ta biyo. Duk inda za mu je Madam ce ke fara zama da mai rajistarsu kafin in taɓa na'ura.

Abin da na koya shi ne kwamfuta tana yin abin da ka gaya mata ne, in ka gaya mata kuskure za ta yi shi da sauri kuma a kan kowa. Ina kira ga 'yan'uwana matasa masu wannan sana'a, kada ku tsara bayanan mutanen da ba ku taka kun gani ba, kada ku raina wanda kuka tarar a kan aiki, kuma kada ku gwada sabon abu a kan abincin jama'a. In kuskure ya auku, ku duba naku aikin kafin ku ambaci sunan wani. Gyaran manhajar kwana tara ya ɗauke ni, amma har yau in na haɗu da mai buɗe ƙofar nan a kasuwar Bunkure, shi yana dariya yana miƙo mini hannu, ni sai na sunkuyar da kai.